Nicanor Ya Jingina da Iska

Ƙanina Nicanor ya tafi Buenos Aires a gyara masa haƙora, ya dawo mana malamin golf. Haƙoran dai an gyara su, don har yau in ya yi dariya sai ka ga kamar an jera sababbin faranti. Golf ɗin kuwa a talabijin ɗin ɗakin jiran likita ya kalle shi, amma in daga bakinsa ka ji labarin, za ka rantse zakarun duniya ne suka riƙa bin layi suna neman shawararsa.

Ni ce Eudosia, yayarsa, ni ke riƙe da kicin ɗin kulob ɗin golf na garinmu, Puerto Tordillo. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, don haka kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa ni magana. Ina son yaron nan, ko da yake furfura ta gama cinye masa kai. Sai dai shi ne ya taɓa buɗe shagon laima a garin da iska ke yaye rufin kwano. Shi ne kuma ya kawo amyar zuma, ƙudan suka fita kiwo da safe, iska ta raka su teku, har yau muna jiran su dawo.

Iskarmu ta Patagoniya daga yamma take zuwa, kuma ba ta hutun Lahadi. A filin golf ɗinmu, wanda muke rabawa da tumaki, kowa da irin dabarar da yake lallaɓa ta da ita, ban da Don Hilario Oyarzo mai gidan burodi. Shi in ya buga, ƙwallo sai ta tashi sama abin sha'awa, iska ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta tsallakar da ita shinge zuwa gonar tumakin da ke gabas.

Hilario tuzuru ne, ya ba hamsin baya, mutum mai kunyar da in ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Shekara da shekaru yana son Doña Casilda, wadda mijinta ya rasu tuntuni, bai taɓa furtawa ba. Iyakarsa ya ƙara mata burodi ɗaya a jaka, in ta yi magana ya ce kuskure ne. Ita kuwa Casilda duk garin ba mai kama ƙafarta a golf. Kowace shekara in an gama askin tumaki akan yi gasar bibbiyu, mace da namiji, ƙwallo ɗaya, wannan ya buga, wancan ya bi ya buga daga inda ta faɗi. To bana sai ta shiga gidan burodi, ta karɓi jakarta, ta ce masa, "Hilario, da kai zan buga." Ta fita ta bar shi da buɗaɗɗen baki.

Da yamma ya zo kicin ɗina yana murza hularsa.

"Doña Eudosia, na yanke shawara," ya ce. "In muka gama gasar nan ban kunyata ta ba, zan nemi aurenta. In kuwa na kunyata ta a gaban mutane, zan haɗiye maganar har kabari."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don na san zai aikata. Kafin in buɗe baki, sai ga murya daga bayan tukunya, inda Nicanor ke zaune yana cin abincin da ba wanda ya zuba masa.

"Kakarka ta yanke saƙa, Hilario. Ka zo gidan magani."

"Nicanor, ci ka tashi," na ce.

"Yaya, bari maza su yi magana. Hilario, ka san abin da ke damun bugunka? Ba ka da tsari. Kafaɗa na zuwa kasuwa, ƙugu na zuwa coci. Ka ba ni kanka daga yau zuwa ranar gasa, in mai da kai abin da za a riƙa zuwa kallo daga wasu garuruwa."

"Kai da ko rami ɗaya ba ka taɓa gamawa da ƙwallon da ka fara da ita ba?" na ce masa.

"Likita sai ya yi ciwo kafin ya ba da magani?"

Na dubi Hilario, na ga idonsa ya kawo haske. Na ce a raina, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kashegari aka fara darasi a gaban barandar kulob, inda tsofaffi ke zama a bayan gilashi suna zagaya ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a ƙasarmu. Shugabansu Don Zoilo, tsohon mai askin tumaki, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Nicanor ya iso da farar hula da usur a wuya, da igiya a kafaɗa.

Ya ce matsalar farko kai ne, Hilario na ɗaga kai kafin sanda ta taɓa ƙwallo. Sai ya ɗaura igiya a haɓar hular Hilario, ya ɗaure ɗaya bakin a ɗamararsa ta baya ta tsakanin ƙafafu. Hilario ya ɗaga sanda, ya sauke da iyakar ƙarfinsa, ya ɗaga kai kamar yadda ya saba. Wando ya bi kai. Mutumin kirki ya tsaya a kan yatsun ƙafa, ido waje, ƙwallo kuma tana nan zaune ba abin da ya same ta.

Zoilo ya turo taga. "Nicanor, aure aka ce mutumin nan zai yi. Ka bar masa abin zuwa da shi."

"Wa ya gaya maka maganar aure?" in ji Hilario da ƙaramar murya.

"Ba kowa. Burodin da kake ƙarawa ne ke yawo da zancen."

Nicanor ya kwance igiya, ya ce an ci nasarar matakin farko, kai ya ji tsoro. Mataki na gaba hammata. A cewarsa manyan 'yan wasa kan maƙale tawul a hammata don kada hannu ya rabu da jiki, amma tunda ɗalibinsa mai burodi ne, da abin da ya sani za a koya masa. Ya sa shi ya zo da dogayen burodi biyu masu zafi, ya maƙala masa dama da hagu.

Ƙanshi ya bi iska ya shiga gari. Kafin Hilario ya gyara tsayuwa, karnukan Puerto Tordillo sun hallara, manya da ƙanana, sun zauna a da'ira kamar masu jiran huɗuba. Ya buga, burodin dama ya faɗi, karnuka suka rufa. Ya juya zai kore su, wani baƙin kare ya zare na hagu. Nicanor na busa usur, karnukan suka ɗauka kiran ƙari ne. Tun daga ranar duk inda Hilario ya sa ƙafa da rakiyarsu, har bakin coci.

"Ɗalibanka sun ƙaru," Zoilo ya ce. "Kuma sun fi na farkon saurin ganewa."

Ana cikin haka Casilda ta zo wucewa da jakar sandunanta. Ta tsaya ta dubi Hilario, gari a riga, gashin kare a wando.

"Me ake yi maka haka?"

"Gyara ne, Doña Casilda," ya ce, yana kallon takalminsa.

"Ni na ce ka lalace?"

Nicanor ya shiga tsakani yana baje sababbin haƙora. "Ranki ya daɗe, sirrin sana'a ne. Ranar gasa za ki gode mini."

"Allah ya kai mu," ta ce, ta wuce.

Da wani ne da ya tsaya nan. Amma a daren nan Nicanor ya yi tunani, abin da ba ya yi masa kyau. Da safe ya shigo kicin ya ce ya gano abin da ya gagari mutanen babban birni.

"Yaya, su can faɗa suke da iska. Mu nan ma faɗa muke da ita. Ni kuwa zan ɗauke ta aiki."

Ya kai Hilario wurin bugun farko. Tutar da ke nuna rami na can gaba. Rumfar da muke gasa raguna kuwa tana can hagu sosai, ta yamma. Ya kama kafaɗun Hilario ya juya shi har ya fuskanci rumfar.

"Can za ka buga."

"Ai can kicin ne, Don Nicanor."

"Kai ka aika ta kicin, iska ta kai ta rami. Sa'an nan ka daina tsayuwa da ƙafafunka. Ka sake jiki, ka jingina da iska kamar bango. Ita za ta riƙe ka."

Hilario ya karkata ya jingina, iska ta tallabe shi. Ya buga. Ƙwallo ta nufi rumfa, ta yi tsaye a sama kamar ta tuna ta manta wani abu, ta lanƙwaso kamar lauje, ta sauka kusa da tuta. Ni kaina da ke leƙe ta taga sai da ludayi ya suɓuce mini. Ya sake, ta sake. Faɗuwa ta zo daidai da zama, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, domin Nicanor da ya yi kuskure ma ba a iya zama da shi, balle Nicanor da ya dace.

Gari ya yi masa kaɗan. Ya sa wa abin suna Tsarin Nicanor. Ya ce zai rubuta littafi, ya ce za a gayyace shi ƙasashen waje, ya fara gaisawa da mutane da yatsu biyu don kada a gurɗa masa hannu. Kullum yana fili da Hilario, safe da yamma, fuskanci rumfa, jingina, buga, har ya zama ko cikin gidan burodi in Hilario zai zura faranti a tanda sai ya juya hagu tukuna. Nicanor ya roƙi Fada Anselmo, limamin cocinmu, ya sanar a coci cewa ranar gasa, kafin a fara, zai nuna wa jama'a tsarin da hannunsa. Fada ya ƙi, sai ya tsaya a ƙofar coci ya sanar da kansa.

Ranar gasa shiru ne ya tashe ni. Na zauna a bakin gado ina tunanin ko kurma na zama. Na leƙa waje, na ga wankin da na shanya ya rataye tsaye kamar wankin mutanen kirki. Hayaƙin maƙwabta na tafiya sama sak. Iska ta ɗauke ɗif, abin da tsofaffi ke cewa yakan faru, amma ba kowa ke shaida shi ba.

Mutane suka fito suna tafiya a karkace ba abin jingina, suna tuntuɓe da inuwarsu. Wani abu kuma, mu nan tun muna yara da ƙarfi muke magana a waje, in ba haka ba iska ta kwashe rabin zancen. Sabo turken wawa, ranar nan ba wanda ya tuna ya rage murya. Kafin hantsi an yi faɗa uku a filin golf, domin duk gulmar da aka yi a wannan gefe an ji ta a wancan.

Fili ya cika, har da baƙi daga garuruwan maƙwabta. A rumfa na jera raguna a tsire a jikin ƙarafa, sun kewaye wuta, kitse na ɗiga. Na bar su na matso wurin bugun farko, don ba zan bari a ba ni labari ba. Casilda na tsaye a gefe tana sa safar hannu. Hilario ya ja Nicanor nesa kaɗan don su yi sirri, ya kai baki kunnensa, ya yi magana da muryar da ya saba.

"Don Nicanor, babu iska. Yaya zan yi? Ka san in na kunyata Casilda yau, ba zan iya neman aurenta ba har abada."

Har tumakin da ke bayan shinge sun ji. Fada Anselmo ya ɗaga kai yana nazarin sama. Casilda ta ci gaba da gyara safarta yatsa bayan yatsa, sai dai kunnuwanta sun yi ja. Hilario ya waiwayo ya ga idanun gari a kansa, ya gane, fuskarsa ta koma kamar ƙullin da bai tashi ba.

Nicanor bai ko girgiza ba. Ya lashi yatsa ya ɗaga sama.

"Akwai iska. Tana can sama, ta ƙwararru ce. Ku talakawan wasa ba za ku ji ta ba."

"Ka aika a kira ta ta sauko," in ji Zoilo. "Ce mata ana jiran ta."

"Don Zoilo, kai tumaki ka sani. Ku matsa, jama'a, ku ga ilimi."

Ya dasa ƙwallo, ya juya ya fuskanci rumfa, ya gyara hula. Ya ɗaga sanda, ya sake jiki gaba ɗaya ya jingina. A hankali ya tafi, a miƙe, da murmushinsa da komai, kamar ƙofar da aka cire wa ƙusa, ya kai ƙasa tim. Sanda ta tafi nata wuri. Ƙwallo ko motsi ba ta yi ba.

Dariya ta ɓarke, kuma yau ba iskar da za ta rage masa ita, duka ya sha. Ya tashi yana karkaɗe ciyawa.

"Wannan shi ne abin da ba a so ɗalibi ya yi," ya ce. "Da gangan na nuna. Hilario, bismillah, buɗe mana gasa."

Hilario ya matso kamar mai zuwa wurin yanka. Na ce masa, "Ɗan'uwa, tuta za ka kalla, ka manta da wancan mahaukacin." Ya gyaɗa kai, ya fuskanci tuta. Amma da ya ɗaga sanda, ƙafafunsa suka tuna karatu, suka juya hagu da kansu. Ya mai da su. Suka sake juyawa. Gumi na zuba, ga Casilda a tsaye, ga gari na jira. Sai ya rufe ido ya buga.

Tun da nake a kulob ɗin nan ban taɓa ganin bugu mai kyau irin wannan ba. Ƙwallo ta tafi sak kamar an ja zare, kowa na jiran ta lanƙwaso, ita kuwa ba wanda ya zo ɗaukar ta. Ta shiga rumfata, ta daki ƙarfen rago na farko. Na farko ya faɗa kan na biyu, na biyu ya ja na uku, suka bi juna suka kwanta cikin toka. Karnukan Hilario, da ke zaune a bayansa cikin ladabi, suka ga ya sake zubar musu da abinci kamar yadda ya saba, suka tashi gaba ɗaya.

Abin da na faɗa a lokacin ba zan maimaita ba, Fada ya riga ya ji, kuma mun daidaita. Muka ruga da tsintsiya da sanduna, muka ƙwato abin da ya ƙwatu. Wani baƙo ya bi kare har bakin shinge suna jan cinya ɗaya.

Da ƙura ta lafa, aka ga ƙwallo zaune a tsakiyar toka, gefen garwashi. Hilario na tsaye a waje, can baya, hula a hannu. Ba ya kallon kowa. Dariyar mutane ta mutu, don kowa ya san abin da ya rasa, shi da bakinsa ya gaya mana.

Alƙalin gasa ya yi gyaran murya ya ce in Doña Casilda na so, ana iya janye sunansu ba tare da wani abu ba.

"Wa ya ce zan janye?" ta ce. "Ƙwallon abokina ce. Inda ta faɗi nan zan buga."

Ta zaro sanda ta shiga rumfa da fararen takalmanta. Nicanor ya bi ta a guje.

"Ranki ya daɗe, a irin wannan yanayi, Tsarin Nicanor ya ce ki buɗe ƙafa, ki..."

"Nicanor, tsaya nan gabana kaɗan, ta dama. Yauwa. Kada ka motsa."

Ya tsaya yana turo ƙirji, ya ɗauka girmamawa ce. Ta sauke sanda cikin toka. Ƙwallo ta fita ta koma kan ciyawa, hanyar tuta. Tokar kuwa, da kitse da komai, ta sauka a kan Nicanor tun daga hula har takalmi, ba abin da ya rage fari a jikinsa sai haƙoran Buenos Aires.

"Kun gani?" ya ce yana tari. "Tsayuwar da na nuna mata ce."

Ba wanda ya kula shi. Casilda ta fito, takalma baƙi ƙirin, ta nufi Hilario.

"Doña Casilda, ki yafe ni," ya ce, wannan karon da murya ƙasa-ƙasa. "Abin da kika ji ɗazu, ki ɗauka ban faɗa ba. Na kunyata ki."

"Ka ƙona mini takalmi dai. Kunya kuwa ni zan faɗa in na ji ta." Ta cire safar hannu. "Duk gari ya ji tambaya, Hilario, yanzu kuma kana so ka hana su jin amsa?"

Ya ɗago kai.

"Na gaji da cin burodin kuskure," ta ce, da cikakkiyar muryar garinmu. "Na bi ƙwallonka har cikin wuta, me kuma kake so in yi? Na yarda. Ɗauki jakata mu tafi, bugunka ne."

Ya ɗauki jakarta ya haɗa da tasa, ya bi ta, karnuka na biye da shi. Da ya zo wucewa ta gabana na ga ruwa na bin kumatunsa. Ya goge da hula, ya ce mini toka ce ta shiga masa ido. Ba wanda ya ƙaryata shi, ko da yake duk mun ga inda ya tsaya, kuma ranar babu iskar da za ta kai masa ita.